Ranar da Na Kawo Teku Rogo Ruma

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗaga hannu a zauren surukina na roƙi Allah ya tona asirin wani azzalumi, dattawa suka shafa da amin, aka kuma amsa addu'ar nan take. Malamai suna cewa akwai sa'ar da addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Na dace da wannan sa'a. A kaina ta sauka.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Karaye. Na ƙarar da ƙuruciyata ina zana wa yara taswirar ƙasashen da ban taɓa takawa ba, ina gyara musu iyaka da alli. Ana nan sai wani abokin karatuna da ke Abuja ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani. Aikinsu shi ne tattara tallace-tallacen gidajen sayarwa daga ƙasashe daban-daban, Dubai, Turkiyya, Masar, Gana, Kenya, su zuba su a shafi ɗaya na intanet, mai neman gida ya zaɓa yana kishingiɗe. Nawa aikin tsintar tsakuwa ne a cikin shinkafa. Wannan ƙasa ta auna fili da ƙafa, waccan da mita, sai in daidaita. Gida ɗaya dillalai da yawa sun tallata shi, kowa da irin ƙaryarsa, sai in haɗe su in mayar da su ƙarya ɗaya.

Kafin wani lokaci na zama abin gudu a ofishin malamai. Ba a isa a yi maganar siminti ba sai na ce, "Ai a Istanbul ba haka ake zuba dakali ba." (Iyakar tafiyata a duniya Abuja ce, ita ma rakiya na yi.)

Wata rana kamfanin ya ce yana so ya fara shigar da gidajen garuruwanmu, sun yi sabon fom, in gwada musu shi. "Saka kowane gida," in ji abokin nawa, "gwaji ne, ba mai gani." Ranar kuwa na je Rogo Ruma gaishe da surukina, wanda nake kira Baba. Kun san yadda ake zuwa gidan surukai: tun daga nesa na tuɓe takalmi na ajiye a bakin zaure, na koma gefe ina jiran a yi mini iso. Ina tsaye ba takalmi, ba aikin yi, sai na ga gidan ya yi kyau a hasken hantsi. Na ja da baya na ɗauki hoto. Da na koma gida fom ya ƙi karɓar gurbi ko ɗaya a buɗe, ni kuma sai na kwafo bayanin wani gida na bakin teku a Turkiyya da nake aiki a kansa, na cike guraben, na rubuta sunan garin, na tura. Na manta da zancen kamar yadda ɗalibaina ke manta babban birnin Mali.

Bayan watanni aka ba ni babban aiki: in haɗe dukkan rumbunan bayanan kamfanin su zama ɗaya. Na haɗe su kaf, har da rumbun gwaji, ban sani ba. Har yabo na samu. An ce a duk ma'aikata ni kaɗai ne ban zubar da gida ko ɗaya ba.

Wata safiyar Asabar maiɗakina ta shigo da waya a hannu, idonta ya yi ja.

"Malam, tashi. An sa gidanmu a kasuwa."

Ƙanenta Nura, wanda ke aiki a Jidda, shi ya ci karo da gidan mahaifinsu a wani shafin Larabawa, an ce na sayarwa ne. Ya kira Baba yana kuka. Gidan kuwa na gado ne, ba a raba ba, Baba da ƙanensa Baffa Sale suke ciki tun rasuwar mahaifinsu. Kuma kowa ya tuna cewa Baffa ya taɓa faɗa, a bainar jama'a, cewa yana so a fitar masa da kasonsa ya yi wa 'ya'yansa gini. Shi ke nan, zargi ya sami wurin zama. Mutanen da tun suna yara a akushi ɗaya suke cin tuwo a zaure, yau kowa a ɗakinsa ake kai masa. Baba ya ce idan ta tabbata, sai dai su haɗu a gaban alƙali. Da yake ba mai babbar waya a gidan, aka ce a kira Malam, shi ne ya san kan kwamfuta.

Ko a jikina. Shafin da Nura ya ambata ban taɓa jin sunansa ba. (Na san sarai cewa a wannan sana'a shafi daga shafi yake kwasa, kamar yara a ɗakin jarrabawa. Na sani, har ina koyar da sababbin ma'aikata. Ranar dai ilimin ya tafi hutu.) Na sa babbar riga, na zura takalmina sau-ciki, ja, mai tsinin baki kamar jirgin ruwa, wanda babu na biyunsa daga Karaye har Rogo. Na hau babur ina jin kaina kamar likitan da aka kira cikin gaggawa.

Na tuɓe takalmi a inda na saba, na shiga na durƙusa. Baba yana gabas, Baffa yana yamma, limamin unguwa a tsakiya kamar shinge. Aka gaisa, gajiya, iyali, amfanin gona, kowa yana amsawa ba ya kallon ɗan'uwansa.

"Malam," in ji Baba, "kai Allah ya ba ilimin zamani. Duba mana ka gaya mana gaskiya, ko a kan wa ta faɗa."

Na buɗe tallar da Nura ya turo. Sabis a wannan zaure sai da lallashi, don haka rubutu ya riga hoto fitowa. Na gyara murya, na shiga fassara musu.

"An ce gidan yana kallon teku."

"Teku?" in ji liman.

"Teku, Allah gafarta Malam. A Rogo! Wanda ya rubuta wannan ko ƙofar ajin labarin ƙasa bai taɓa wucewa ba. Da ɗalibina ne, da sai ya maimaita aji har ya yi furfura." Na ci gaba. "An ce akwai na'urar hawa bene. An ce akwai wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa."

"Rijiya dai ce da mu," in ji Baffa a hankali.

Da na tsaya a nan, da na tsira da ɗan mutunci. Amma malamin makaranta idan ya ga an yi shiru ana saurarensa, ba ya iya rufe baki. Na yi musu lacca a kan 'yan damfarar zamani. Sannan na rage murya, na faɗi maganar da har yau idan na tuna ta sai in ji gumi a tafin ƙafata.

"Sai dai fa, Baba, irin wannan aiki ba a yin sa daga waje. Dole akwai wanda ya saba shiga gidan nan."

Baffa ya sunkuyar da kai. Dattijo mai jikoki, ya ce, "Yaya, wallahi ko kunna irin wannan waya ban iya ba." Ni kuma, don in rufe taro da kyau, na ajiye wayar a tsakiyar tabarma inda kowa zai gani, na ɗaga hannu.

"Ko wane ne, Allah ya tona asirinsa tun a duniya, a gaban mutanen da yake jin kunya!"

"Amin!" in ji liman, da ƙarfi. Baffa ma ya fi kowa ɗaga murya.

Sai hoton ya fara saukowa, daga sama, layi-layi. Sararin samaniya. Kan bishiyar darbejiya. Harawar gyaɗa a kan soro. Wannan hasken hantsin kamar na san shi. Bakin zaure. Dakali. Na fara addu'ar sabis ya ɗauke, abin da ban taɓa roƙo ba a rayuwata. Bai ɗauke ba. Ranar ce ma ya fi kowace rana lafiya.

A can ƙasan hoton, an jera su cikin ladabi, baki yana kallon gida, ga jajayen takalma masu tsini.

Ba wanda ya yi motsi. Na ji kukan akuya a bayan gida kamar daga wata ƙasa. Baffa ya kalli wayar. Ya kalli bakin zaure. Ya sake kallon wayar. Sannan ya miƙe, ya fita, ya dawo riƙe da takalmina da yatsu biyu, ya ajiye su a gefen wayar.

"Liman," ya ce, "idona ya yi rauni. Duba mana, ko 'yan'uwan juna ne?"

Liman ya duba da gaske, har da gyara tabarau. "Uwa ɗaya uba ɗaya," in ji shi.

Na buɗe baki. Ni da nake magana awa guda ba numfashi, abin da ya fito shi ne, "Gwaji ne, Baba." Na yi bayanin fom, na yi bayanin rumbu, na ambaci Turkiyya. Kowace kalma tana fita tana ƙara mini zurfin rami. Na juya wajen Baffa na kifa goshi a tabarma na ba shi haƙuri, babbar rigata ta rufe ni kamar tanti, na yi fatan kada a sake buɗe ni.

Da Baba ya yi magana, ba da ni ya yi ba.

"Sale," ya ce, "na zalunce ka."

"Bari, Yaya. Ai riba muka ci." Ya juyo gare ni. "Malam, gidan dai ka cire mana shi daga kasuwa yau ɗin nan. Amma tekun a bar mana shi. Bana noman rani za mu yi."

Baba ya yi ƙoƙarin riƙewa, don ba a dariya a gaban suruki. Ya kasa. Ya yi dariya har da tari, Baffa yana bubbuga masa baya. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a kawo abinci, a akushi ɗaya. Aka yi mini tayi. Na gode wa al'adar da ta hana mutum cin abinci a gaban surukinsa, ban taɓa ganin hikimarta kamar ranar ba. Na fita da baya da baya, takalmi a hannu, ban sa su ba sai da na bar unguwar.

Cire gidan daga shafinmu bai ɗauki lokaci ba. Shafukan da suka kwasa daga wurinmu kuwa na daɗe ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, da Turancin da ya fi na takardar neman aiki ladabi. Takalman na ba da su sadaka a wani gari mai nisa. Sunan ne ya ƙi cirewa: har gobe idan na shiga Rogo Ruma, daga majalisar masu shayi ake ɗago mini hannu, "Sannu da zuwa, Sarkin Ruwa! Ya igiyar teku?"

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Yanzu idan aka kira ni bincike, ina jira hoto ya gama saukowa har ƙasa kafin in ɗaga hannu in yi addu'a.