Kakan Ummaru da Gidan Kason Nasara

"Kakana Junaid ya mari kumandan Faransa, ya yi shekara bakwai a gidan kaso ko gezau!"

Haka Ummaru Tumbi yake faɗa a kasuwar Dembé tun da aka sa ranar zaɓen shugaban 'yan gwanjo. Wai mu da muka zo daga Kano jiya-jiya mu kama bakinmu, jikan jarumi ne zai hau kujera.

Yanzu ana ta cewa ni na kai shi na baro. Ni Yunusu, da karin hulata kaɗai ya isa shugabanci! Abin da na ce kawai shi ne, "Alhaji, kai mu gidan kason mu gani mana, mu ƙara girmama ka."

Ya ce a ba shi kwana uku. Rana ta huɗu ya kwashi dattawa shida a mota, muka wuce Toukra, muka miƙa kudu har wani ƙaramin gari. Gidan kason na nan, sai dai albasa ake ajiyewa a ciki. Ummaru ya ja mu ɗakin ƙarshe, ya nuna bango. Ga sunan Junaid da ajami, an karce da ƙusa. Gogan naka ya fashe da kuka, tumbi na rawa.

Mai gadin wurin, Abdallah, ya matso ya duba.

"Ikon Allah! Bangon Nasara ya faɗi da damina. Wannan ni na yaɓe shi watan jiya. Alhaji, ba kai ne ka zo shekaranjiya taya albasa ba?"

"Ka rikice, ya akhi! Albarka ce ta fito da sunan."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. A kira wanda ya fi kowa tsufa a garin ya wanke Alhaji."

Aka kawo Hajiya Shatu, ta haura casa'in, tana dogara sanda.

"Junaid Dogo na Fort-Lamy? Na san shi, ɗana. Shekara bakwai ya yi a nan."

"Kun ji ko!" in ji Ummaru.

Hajiya ta ce, "Shi ke riƙe da mabuɗi. Shi ya kulle babana don ya ƙi aikin hanya. Kumanda kuwa, laima yake riƙe masa."

Dattawa suka fice ɗaya bayan ɗaya, kujera ta bi su. Abdallah ya ce ba inda Alhaji za shi sai ya sake yaɓe bango. Hajiya ta miƙa hannu.

"Ba ni mabuɗin nan. Shekara tamanin ina jira."

Ta kulle Alhaji a ciki da kanta, ta ɗaure mabuɗin a gefen zani, ta tafi barcin rana.

Ummaru ya leƙo ta taga, ido na hawayen albasa.

"Yunusu! Faɗa musu ko ni wane ne!"

Na gyara hula na ce, "Ai sun sani, Alhaji. Kai ne na farko a gidanku da ya ga ƙofar nan daga ciki."