Yadda Ake Kashe Tsoho da Littafin Bayani

Kai mai rubuta bayanin kayan gwada manhaja, saurara. Bi abin da zan faɗa, za ka kashe mutum yana tsaye da ƙafafunsa. Babu kuskure. A kaina aka gwada. Ni ne Wilfred na Gonin Gora. Ban yi nisa a boko ba, amma ina gane ƙarya ko da Turanci aka rubuta ta.

1. Rubuta abin da kake fata

Kada ka duba abin da kayan suke yi. Rubuta cewa in an sa saitin gwaji a kan "eh", babu saƙon da zai fita. Tashi ka tafi cin abinci.

2. Canza aikin, bar littafin

Daga baya ka sa saitin ya tare imel kaɗai, saƙon waya ya wuce abinsa. Littafin kuwa kada ka taɓa. Tsohon rubutu ya fi kwarjini.

3. Jira mai biyayya

Jikata Dorcas ce. Sabuwa ce a kamfanin da ke yi wa coci-coci manhajar sanarwa, ba a ma tabbatar mata da aikin ba. Ta yarda da kai. Za ta gwada sanarwar rasuwa, ta nemi sunan wanda ba zai kai ta ƙara ba. Ta sa nawa, ta sa saitin a kan "eh". Saƙo ya shiga wayar kowa a cocinmu.

4. Kada ka leƙo

Ina gyaran kejin kaji, matan zumuntar coci suka shigo da anko da kuka. An kafa rumfa. A ƙauye samari sun fara haƙa kabari. Mama Eunice ta gan ni, ta saki kular shinkafa.

"Baba, ba ka mutu ba?"

"Ban samu lokaci ba."

"To wa zai ci wannan abincin?"

5. Bari a ɗora wa ƙarama

Ogan Dorcas, Harrison, ya ce ta tattara kayanta. Na sa kwat, na same shi a Barnawa. Na ce ya karanta mini shafin littafinka da ƙarfi. Ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Baba, ai tsofaffin ma'aikata sun san ba a yarda da wannan shafin."

"Wa ya gaya wa yarinyar?"

Na kwanta na miƙe a ƙofar ofishinsa, na ce gawa ba za ta tashi ba sai Dorcas ta koma kujerarta. Baƙi suna tsallake ni. Kafin a tashi aiki ta koma.

6. Rufe ƙorafi

Dorcas ta rubuto maka. Amsa mata cewa da ma haka aka tsara abin. Bar shafin yadda yake. Akwai sauran tsofaffi a gari.

Abin da ya biyo baya babu ruwana. In wani tsoho ya tsaya a ƙofarka da sanda, kada ka ce ni ne. Ni na rasu. Duba wayar Fasto.