Yaron da Alhaji Tanimu Ya Ɗauki Nauyinsa

Duk wanda ya zauna a Tudun Maƙera ya san Alhaji Tanimu dillalin filaye. In dai baki ne, Allah ya ba shi. Da baki ya gina masallaci, da baki ya haƙa rijiya, da baki ya kai rabin unguwa Makka ya dawo da su. Amma hannun nan nasa, hannun jarirai ne, sai an ɓanɓare. Tun duku-duku yake saɓa babbar riga ya fice majalisa, ba a sake ganin ƙeyarsa a gida sai gari ya yi tsit.

To, akwai gidan rainon yara a unguwar. Wata dattijuwa, Gwaggo Tabawa, ita ke kula da shi. Nan matan da ke zuwa aikatau injin shinkafa suke ajiye ƙananansu. Rufin ɗakin ya zama rariya, ga damina ta kawo kai. Sai aka ce a kafa gidauniya, kuma duk wanda ya fi kowa yin abin kirki, sunansa za a rubuta a ƙofar gidan.

Alhaji na jin haka ya kasa zaune ya kasa tsaye. Sunan yake so, amma ko kwabo ba ya son ya yi ciwon kai. Ya yi ta saƙa da warwara har dabara ta faɗo masa. Kwanon rufi da siminti, sai an gani a ƙasa. Amma ɗaukar nauyin maraya fa? Magana ce a gaban jama'a, a yi tafi, a watse. Wa zai bi ka gida ya duba?

Ranar taro aka kafa rumfa. Mai shayi ya kawo kwano biyu. Kafinta ya ce aikin rufi nasa ne kyauta. Matan injin suka haɗa tabarmi da tukunyar kunu. Alhaji na zaune a kujerar gaba yana karkaɗa ƙafa, yana taɓe baki.

Da aka kira shi, sai ya miƙe, ya gyara hula, ya fizge lasifika.

"Jama'a, kwano tsatsa yake yi! Tabarma yagewa take yi! Ni mutum zan gina!"

Wuri ya ɗauki tafi, raf-raf-raf.

Ya juya wajen yaran da aka jera a inuwa, yana neman wanda ya fi kowa ban tausayi. Can ya hango wani ɗan mitsitsin yaro, ba takalmi, rigar ta sauko masa har ƙauri, kunu da majina sun yi masa dama-dama a fuska. Caraf ya sure shi, ya ɗaga sama.

Yaro ya dubi fuskarsa sau ɗaya, ya tsandara ihu. Waaa! Yana ta zillo, yana miƙa wa Gwaggo hannu.

"Kun gani? Ƙiwa yake yi. Bai saba ganin babbar riga ba, bawan Allah. Gwaggo, yaushe uban ya rasu?"

Gwaggo Tabawa ta yi tsuru-tsuru. "Alhaji, ai uban da ransa."

"Da ransa? Ciwo yake yi?"

"Lafiyarsa garau. Alhaji, ka ga, wannan yaron ai..."

"Dakata, Gwaggo! Kada ki faɗi sunansa, ni ba na tona asirin mutane."

Nan fa abin nema ya samu. Ya gyara riƙon lasifika, ya shiga wa'azi. Ya ce haihuwa ba wuya, ko akuya tana yi. Ya ce akwai mazan da ba su san kuɗin omo ba, sai dai guga da turare. Ya kama ƙafar yaron ya nuna wa mutane faso. Ya ɗaga rigar ya nuna haƙarƙari.

"Allah wadaran uba irin wannan!"

"Amin!" in ji maza.

"Ku ƙara ƙarfi, ya ji daga inda yake!"

"Amiiin!"

Ɓangaren mata kuwa tuni an fara toshe baki da mayafi. Wata ta sunkuya tana riƙe da ciki. Alhaji ya ɗauka kuka suke yi, sai ya ƙara ƙaimi, har da share ido.

"Liman, ka shaida! Mai unguwa, ka shaida! Daga yau ci da sha da sutura da maganin yaron nan suna wuyana, har ya yi gemu! In na saɓa, kada a sake gaishe ni a garin nan!"

Liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha ke nan, sai aka ji guɗa ta tsaga rumfar.

"Ayyururuiii!"

Kowa ya waiga. Wata mata ce ta taso daga cikin 'yan aikatau, ƙaiƙayi har a girarta. Alhaji ya zura ido, bakinsa ya saki. Saude ce, matarsa.

"Ke! Me ya kawo ki nan?"

"Aikatau nake zuwa, Alhaji, da me kake zaton ake ɗora tukunya?" Ta juya wajen jama'a. "Ku taya ni murna! Shekara uku ina roƙo a ɗaka ban samu ba, yau ga shi a lasifika. Alhaji ya ɗauki nauyin Sadisu!"

Alhaji ya sauke yaron daidai fuskarsa, ya goge kunun da hannun riga. Hanci nasa, kunne nasa, har wushiryar.

Mai shayi ne ya fara faɗowa daga kan benci, tim! Sai wuri ya kece. Liman ya cusa fuska cikin rawani, kafaɗunsa na rawa.

Saude ta matso, ta durƙusa cikin ladabi, bakinta dab da lasifikar.

"Alhaji, tunda abin alheri ya motsa, ƙanwarsa ma tana cikin layin can. In nuna maka ita, ko za ka gwada sa'arka?"