Mai Askin Da Ya Rasa Mai Kai Shi Ƙara

Wani mai aski ne a Bosso, daidai inda masu Keke Napep ke juyawa. Wata rana wani ma'aikacin kamfanin inshora mai suna Charles ya shigo gyaran fuska. Kafin a kakkaɓe masa wuya, har ya sayar wa mai askin inshora ta shekara guda.

"Oga, abin ba wuya," in ji Charles. "Ka yi wa kwastoma ɓarna a bakin aiki, ya nemi diyya, mu ne da biya. Kai ko sisi."

Mutumin naka ya biya, ya zauna jiran ɓarna. Shiru. Hannu ya ƙi yin kuskure. Shekara ta zo gangara, abin ya fara hana shi cin tuwo: kuɗinsa za su tafi a banza, bai mori komai ba. Ya ce wallahi da sake.

Wani ɗalibi ya zauna a kujera. Mai aski ya saki kilifar aski da gangan ta zarce tun daga goshi har ƙeya, kamar layin dogo. Ya koma gefe yana jiran zagi.

Ɗalibi ya juya kai gaban madubi. "Kai! Oga, ina ka koyo wannan?" Ya ɗauki hoto. Kafin la'asar abokansa sun cika benci, kowa layin dogo yake so.

Kashegari Baba Shekwolo mai doya ya zo. Mai aski ya bar reza ta ɗan ci kunnensa.

"Baba, na yanke ka! Nemi diyya!"

"Haba yarona, kuskure ne. Na yafe."

"Kar ka yafe, Baba! Dubi jini fa!"

"Fartanya ta yi mini abin da ya fi wannan." Ya danna auduga, ya biya kuɗin aski, ya ajiye masa doya guda. "Dafa ka ci. Yunwa ke sa hannunka rawa."

Mai aski kamar ya yi kuka.

Sai Allah ya kawo Malam Jamil na unguwar Ƙetaren Gwari, mutumin da ya taɓa maka maƙwabcinsa a kotu saboda carar zakara. Ga gemu har ƙirji, ga ɗaurin aurensa jibi.

"Ɗan daidaita mini bakin gemun kawai."

Mai aski ya yi bismilla, ya kwashe rabin gemun tas.

Malam Jamil ya dubi madubi, ya dubi gemunsa a ƙasa. Idanu suka kaɗa.

"Malam, na cuce ka," in ji mai aski, baki har kunne. "Kai ni kotu! Ni zan biya kuɗin Keke."

"Kotu? Ai kotu ta yi maka kaɗan. Na bar ka da Allah!" Ya rufe haɓa da hula ya fice.

Mai aski ya kulle shago, sai ofishin Charles, yana haki.

"An samu! Ɓarna babba, rabin gemun ango!"

"Madalla. Ina ya shigar da ƙarar?"

"Ya ce ya bar ni da Allah."

Charles ya rufe biro, ya miƙa masa hannu.

"To Oga, sai haƙuri. Can ba mu da reshe."