Rasuwar Teburi Mai Feda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙugu da ya soma ciwo saboda rubutu a kan cinya, Malama Zuwairatu Sada ta garin Batsari tana sanar da 'yan'uwa, da abokan arziki, da duk masu karanta littattafanta a waya, rasuwar teburinta na rubutu, wanda aka fi sani da Mai Feda. Ya cika ne da hantsi a kan hanyar dawowa daga Darini, bayan gajeruwar jinya da ba shi ya jawo wa kansa ba. Shekarunsa babu wanda ya san su daidai. Abin da kowa ya yarda da shi kawai shi ne ya girmi mai shi.

Marigayin ba teburin rubutu ba ne tun asali. Teburin keken ɗinki ne, mai ƙafafun ƙarfe da feda da wili da 'yar durowa guda. Ya yi ƙuruciyarsa a Tsaskiya ta ƙasar Safana, a ɗakin Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Zuwairatu, wadda rabin ƙauyen suka yi sallah da ɗinkinta shekara da shekaru. Da idon Gwaggo ya yi rauni, kan keken ma ya gaji, sai aka cire kan aka bar teburin a tsakar gida kaji suna kwana a kansa. A nan Zuwairatu ta gan shi wata rana da ta je gaisuwa, ta roƙa, aka ba ta ana dariya. A bayan babur ya shigo Batsari, ɗaure da roba, ita kuma tana rungume da shi duk ramin da aka faɗa. Kafinta ya toshe ramin da kan keken ya bari a tsakiyarsa, daga nan ya fara sabuwar rayuwa.

Ta yi masa masauki a lungun ɗakin ajiya, jikin tagar da ke kallon bishiyar darbejiya. Wurin ba wani wurin kirki ba ne a da. Ita ta share shi, ta yi masa shafe, ta yanka tsohon zanenta ta yi labule, ta ɗora filo a kan kujera, ta rataye fitila mai caji da rana. Kullum kaskon turaren wuta yana gefe, saboda ɗakin ya saba da warin maganin ƙwari. Ƙafarsa ɗaya ta ɗan gaza sauran, sai ta cusa mata fasasshen tayil. Duk faɗin lungun bai wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba, amma a gidan kaf shi kaɗai ne wurin da za a ce na Zuwairatu ne ita kaɗai, ba na yara ba, ba na baƙi ba, ba na girki ba.

Halayen marigayin na kirki suna da yawa. Bai taɓa ƙorafin zoɓon da ya zube masa ba. Bai taɓa tona asirin shafin da aka yage aka cusa masa a durowa ba. Amma babban alherinsa fedar nan ce. Malama Zuwairatu irin mutanen nan ce da kansu ba ya aiki sai ƙafarsu tana motsi, saboda haka da ta zauna sai ta ɗora ƙafa ta soma takawa, wilin yana juyawa ba ya jan komai. Idan labari ya cije, muryarsa a hankali take fita, ƙiƙi-ƙaƙa, ƙiƙi-ƙaƙa. Idan labari ya kama hanya kuwa, har a ƙofar gida ana jin sa yana kwarar-kwarar-kwarar.

Wannan muryar ita ta saya mata mutunci. Kafin zuwansa a kan tabarma take rubutu a tsakar gida, kuma a garin nan mace zaune da biro a hannu, a ganin jama'a, hutawa take yi. Wannan ya tambaye ta ina ludayi, wancan ya miƙo mata yaro ta riƙe, maƙwabciya ta zo ta zauna tsintar shinkafa da labarin da ba ya ƙarewa. Amma ƙarar keken ɗinki kowa ya san ƙarar aiki ce. Da an ji ta, yara su rage murya, maƙwabciya ta juya daga bakin ƙofa tana cewa a gaishe ta, ta ga tana aiki. Har akwai waɗanda suka riƙa aiko da yagaggun riguna, aka riƙa mayar musu da haƙuri. Littafi uku ta gama a kansa, na huɗu yana tsakiya ajali ya zo.

Ya kamata a faɗi gaskiya, marigayin ya rayu da abokin hamayya ɗaya, wato buhu. Maigidan, Malam Armaya'u, manomi ne mai sayar da hatsi, kuma tun da zamani ya hana barin amfanin gona a rumbun ƙauye, duk kaka cikin gari yake kwaso kayansa. Ɗakin ajiya yakan cika har rufi, ya rage lungun nan kawai. Malam mutum ne mai kawaici, bai taɓa buɗe baki ya ce a ɗauke teburin ba. Sai dai duk shekara yakan tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon wurin, ya yi ajiyar zuciya, ya wuce. Muddin Mai Feda yana tsaye a kan ƙafafunsa, lungun yana da mai shi, kuma kowa ya san haka.

Ciwon ajali ya faro ne daga abin farin ciki. An yi wa Tayyib, ƙanin Malam Armaya'u, haihuwa a Darini, sai ya zo aron kayan suna. To a ƙasar nan ba a hana aron suna. Tukunya ce, tabarma ce, kujera ce, duk wanda ya hana za a riƙa ba da labarinsa har ranar auren jaririn. Tayyib ya tattara abin da zai tattara, sannan idonsa ya faɗa lungu. Ya ce goro da dabino kawai za a ɗora a kai. Zuwairatu ta soma kame-kame, ta ce tsoho ne, ta ce ƙafarsa ɗaya gajera ce, ta ce ba ya son tafiya.

"Haba matar Yaya," in ji Tayyib, "teburi ne fa, ba ɗiya ba. Jibi war haka yana ɗakinki."

Ta cire takardunta daga durowa, ta ba shi har da fasasshen tayil ɗin, ta tsaya a ƙofar gida har babur ɗin ya sha kwana.

Abin da ya faru a Darini, a bakin shaidu aka tattaro shi. Goro da dabino ba su taɓa hawa kansa ba. Matan gidan ne suka fara ganin sa, suka ga bakinsa ya yi daidai da injin murza taliya, suka ɗaure injin suka matse shi iya ƙarfinsu, katakon ya tsage. Da aka yanka ragon suna, masu fiɗa suka nemi inda za su sara ƙashi, aka nuna musu shi. Teburin da bai san nauyin da ya wuce na gwiwar hannun mace ba, ranar ya sha gatari. Yaran biki kuma suka yi layi a kan feda, kowa yana tuƙa motarsa zuwa Katsina. Da taro ya watse aka manta da shi a waje, ruwan ƙarshen damina ya sauka a kansa, gari ya waye katakonsa ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Duk da haka da ransa aka ɗora shi a babur. A wani kwazazzabo robar ta tsinke, ya faɗo, kuma wanda ya ɗauko shi ya shaida cewa kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙwas.

An garzaya da shi wurin Sharfaddeen mai walda a bakin kasuwa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa karyayyar ƙafar da guduma, ya kara kunne, sannan ya cire baƙin tabaransa, abin da ba ya yi sai magana ta yi nauyi. Ya ce ƙarfen na zubi ne, irin na da, ko an liƙa shi ba zai riƙe ba, wilin ma ya rabe biyu. Malama Zuwairatu ta yi kuka, kuka na gaske, a gaban masu gyaran babur da mai sayar da rake, kuma ba ta jin kunyar a rubuta haka a nan. Ta yi kukan teburin, ta kuma yi kukan lungun, don tun a wurin ta san abin da zai biyo baya.

Marigayin ya rasu ya bar kujera mai filo, wadda tun ranar take fuskantar bango. Ya bar fitila, da kaskon turare, da biro huɗu, biyu daga cikinsu ba sa rubutu amma an saba da su. Ya bar rabin littafi, da mutanen cikinsa da suka tsaya cak ba su san inda za su nufa ba. Ya bar uwar riƙonsa ta farko, Gwaggo Kande. Ya kuma bar Tayyib, wanda ya zo ta'aziyya da ƙunshin soyayyen naman suna da taliyar da aka murza a jikin mamacin, yana ta rantsuwa cewa robar sabuwa ce. Malama ta karɓa, ta ci tana hawaye, don an ce ba a fushi da abinci, amma har yau ba ta amsa gaisuwarsa da baki, sai da ka.

Malam Armaya'u ya yi ta'aziyya yadda ta dace. Ya shigo lungun, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya maimaita. Sai dai mai makoki ta lura bakinsa ne ke ta'aziyya, ƙafarsa kuwa awo take yi, daga bango zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa. Da zai fita ya ambata, a hankali, cewa gobe geron farko zai iso, ko za a ɗan jingina buhu kaɗan a wurin kafin a samu wani teburin. Zuwairatu ta san buhu. Idan ya shiga ɗaki ba ya fita sai bazara, kuma inda ya kwana bana, nan ƙannensa za su nema baɗi. Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki waya ta sanar da Gwaggo Kande rasuwar, kamar yadda ya wajaba a sanar da dangin mamaci na kusa.

Washegari da sassafe babur ya sauke Gwaggo da carbinta da ƙullin kayan da ya fi ƙarfin mai kwana ɗaya. Ta nemi a nuna mata inda marigayin yake zama, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a daidai wurin, ta miƙe ƙafa. Ba a jima ba sai ga Malam Armaya'u da buhun gero a kafaɗa, ya yi sallama ya sa kai, ya yi ido biyu da surukarsa. Duk wanda ya san Malam ya san ko sunan Gwaggo ba ya iya faɗa, balle ya tsallake tabarmarta. Ya zame takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa da buhun a kafaɗa, ya soma gaisuwa. Gwaggo kuwa ba ta rage komai ba. Ta tambayi gajiya, ta tambayi gona, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mutanen Darini da mai jego da jariri, ta gangaro kan shanun huɗa. Sai da gumi ya jiƙa masa riga sannan ta ɗaga ido ta dubi buhun.

"Wannan na sadakar makokin ne, Malam?"

"A'a Gwaggo, zaure zan wuce da shi."

"Madalla, Allah ya yi albarka. Ni kam ina nan wurin ɗiyata, sai ta ƙare littafin da marigayi ya bar mata."

Malam ya ce Allah ya ba da lada, ya miƙe da ƙyar, ya juya.

Dangane da jana'iza, iyalai suna sanar da cewa za a fitar da ƙarfen marigayin ranar Asabar bayan la'asar zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Tayyib ne zai tura shi a baro, a ƙafa, ta tsakiyar kasuwa, kuma an hana kowa kama masa. Katakon ba za a sa shi a murhu ba ko itace ya ƙare a garin. An shanya shi a inuwa, idan ya bushe zai koma kan cinyar mai shi.

Ana karɓar gaisuwar mata a lungun ɗakin ajiya. Ana roƙon su taƙaita, domin mai makoki tana rubutu, kuma Gwaggo ce ke amsawa a madadinta. Maza za su yi haƙuri su yi tasu a tsaye a ƙofar gida, saboda tun zuwan Gwaggo buhu bai shiga ɗakin ajiya ba, zaure ya cika da gero har inda Malam Armaya'u yake shimfiɗa buzunsa, shi ma a kan buhu yake karɓar baƙi, ga dawa kuma ba a ma yanke ta ba tukuna.

Ba a sa ranar tashi daga zaman makoki ba. Malam Armaya'u ya aika a asirce a tambayo masa ko littafin saura shafi nawa. An mayar masa da amsa cewa Malama Zuwairatu ba ta taɓa rubutu da gaggawa ba, balle yanzu da take cikin rashi.