Hancin Kaka Zuwaina

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya hanya? Ya mutanen gida? Bismillah, zauna, baƙo."

Mazin ya tsaya da kwanon halwa, alewar Larabawa, a hannu, baki sake. Baƙo? Tun yana rarrafe yake shiga ɗakin kakarsa Zuwaina a garin Nizwa, kuma da zagi take tarbarsa kullum. Yau ga ta ta ja mayafi har goshi, tana zuba masa ladabi sai ka ce limami ne ya shigo.

"Tsohuwa, yau kuma mijin naki ne baƙo?"

Ta yi turus, sannan ta saki mayafin.

"Au, kai ne, ɗan nema? Na ɗauka mai facin taya ne ya yi ɓatan hanya. Wane wari ne wannan?"

"Wari? Turare ne na wani ɗan shago a birnin Maskat. Kwalabe kaɗan aka yi a duk duniya."

"Allah ya rufa wa duniya asiri."

"Saurara ki ƙaru. Da fari barkono ne da ɓawon lemo. In ya zauna a jiki, sai ƙamshin fata mai hayaƙi ya taso. Can ƙarshe kuma ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko."

"Wato ka fara da miya, ka koma takalmi, ka ƙare a kududdufi. Kuma ka biya!"

"Kishi ne. 'Yan matan ofis har juyowa suke yi."

"Neman inda gobara ta tashi suke yi. Na sake ka, auren ya mutu."

"Mace ce ke saki? Wa ma zai kwashe ki, haƙori biyu?"

"Da biyun nan na cinye gadon kakanka."

Mazin ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Zagin nasa ne, idonta kuwa yana kan ƙyauren da ke gefensa. Da ta tashi zuba masa gahawa, ya ga ta sa ɗan yatsa a bakin kofin tana jiran zafi ya taɓa ta. Nan ya gane ba ta gani sosai.

Duk sallah takan kama tuntun zaren da ke wuyan jallabiyar kowane namiji a gidan, ta tsoma shi a turaren da ta haɗa, kowa da nasa: wannan wardi, wancan almiski, shi Mazin sandal da za'afaran. Da can fitinar tsufa ya ɗauka. Ashe da hanci take gane su. Mahaifinsa kuwa ya riga ya rantse, ranar da idonta ya ƙara lalacewa zai ɗauke ta zuwa benensa a Maskat, ta bar dabinanta da maƙwabtanta. Tausayinta ya kama shi har ya rasa abin tsokana.

"Kaka, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Ci halwarka."

"Baba zai zo ranar Juma'a."

Ta shiga murza bakin mayafi.

"Ubanka ma ya zama ɗan birni," ta ce a hankali. "Zuwansa na baya da wani ƙamshin otal ya shigo. Sai da ya yi tari na gane ɗana. In na ce masa baƙo, shi ke nan, na bar gidan nan."

"To ni dai turarena ya fi naki."

"Ƙarya kake, takalmi."

"Na ji, ƙarya nake." Ya durƙusa, ya ɗora tuntunsa a tafin hannunta. "Tsoma. A mayar da auren."

Ta lalubo kwalbarsa a akwati ba tare da kuskure ba, ta jiƙe tuntun sharkaf. Sannan ta sake lalubo wata ta damƙa masa.

"Lubban da ambar, na ubanka. Ka ce masa daga ɗan shagon nan ka sayo, kwalabe kaɗan aka yi a duniya."

Mazin ya fashe da dariya yana share ido.

"Da hannuna zan shafa masa. Kuma zan riga shi shigowa in ce, ga Baba nan."