Tubanin Turawa da Alawayyon Hajiya

Hajiya Rahina shekararta saba'in da huɗu, ita ce babba a matan Hausawan garin Greensboro na Amurka. Tana zaune a unguwar Glenwood da jikanta Rilwanu, ma'aikacin jinya. Ranar Asabar ta dawo daga barkar suna ta tarar da gidan yana ƙamshin kirfa da citta, shi kuma yana tsaye kan tukunya.

"Sannu da dawowa, amarya. Na ɗauka masu jego sun riƙe ki wanke-wanke."

"Ai da na zauna can, mijin da bai iya cefane ba. Me kake ƙonawa?"

"Dafawa nake. Abincin mutanen Sikotland ne, wata abokiyar aikina ta koya min. Fulawa ce da kitsen shanu da zabibi da sukari da ƙwai. A jiƙa ƙyalle da ruwan zafi, a barbaɗa masa gari, a ƙulle kwaɓin a ciki, a bar shi ya yini yana tafasa."

"Tubani ke nan. Talaucin ganye ya sa su ƙyalle."

Ya tsamo ƙullin, kamar kan jariri, ya ɗora a faranti ya fara kwancewa. Hajiya ta matso ta murza gefen ƙyallen. Sai ta nemi kujera.

"Rilwanu, ina ka samo alawayyo a Amurka?"

"A akwatinki na ƙarƙashin gado. Fari sol, ba kya amfani da shi. Gefe kawai na yanka."

"Innalillahi. Likkafanina ne, ɗan nan. Daga Makka na zo da shi, da hannuna na wanke shi da Zamzam."

Rilwanu ya ajiye almakashi. Ya dubi ƙyallen, wanda ya riga ya rine ya koma kalar shayi.

"Wallahi, Hajiya, na zaci zanen gado ne."

"Na gado ne mana. Na ƙarshe."

Ya leƙa fuskarta, ya ga bakinta na motsi, tana danne dariya.

"To ai ragowar ta ishe ki. Mutumin da sai ya taka kujera yake kai wa saman firji, yadi nawa zai ci?"

"Ka ji mara kunya. Ka ƙosa in tafi ka gaji ɗakin."

"Ni? Ai na ɗaga miki tafiyar ne. Yanzu ba ki da kayan fita, dole ki zauna."

Ya sa abin a oban har bayansa ya bushe ya yi fata, ya yanko mata da madara mai ɗumi. Ta ce ba za ta ci suturarta ba. Ta gutsura dai, ta tauna a hankali, ta sake gutsura.

"Zamzam ɗin ne ya gyara shi, ba hannunka ba."

"In ƙaro?"

"Ƙaro. Amma ka sani, gumbar sadakata ka ci yau. Ran da na tafi, sauran jikoki za su ci, kai kallo."

Ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi.

Jiya ta buga wa ƙanwarta Bebi waya, wadda za ta Umara wata mai zuwa. Ta ce ta taho mata da alawayyo biyu: ɗaya na akwati, ɗaya na kicin.